Fentin motar ɗan sanda ba kwalliya ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta rubutunku na ranar Asabar har sau biyu, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Rabin shafi kuka ba hoton Lamborghini ɗin 'yan sandan Dubai, fari da kore, kuna ta yaba kyansa, sannan kuka kira launukan motocin 'yan sanda "ado". Ado fa! Shekara 26 ke nan ina feshin fentin mota a Gusau, kuma ban taɓa ɗaukar wannan fenti a matsayin ado ba.

Ku da kanku kun kawo labarin motar farko ta garin Akron a Amurka, 1899, mai tafiya da lantarki, wadda aikinta na farko shi ne ɗauko wani mashayi. Kun ce New York ta bar kore da baƙi da fari a 1973 ta koma shuɗi da fari. Kun ce Japan ta tsayar da baƙi da fari a duk ƙasar tun 1955. To, me ya sa ba ku tsaya kun tambayi dalili ba? A Amurka, zamanin da kusan kowace mota a titi baƙa ce, farin da aka shafa wa ƙofa da rufi shi ke nuna wa mutum daga nesa cewa hukuma ce tafe. Mutanen Ingila ma da suka fito da dara-daran murabba'ai na shuɗi da ɗorawa a shekarun 1990, sai da masanansu suka zauna suka gwada, don a iya shaida motar daga mita 500, dare da rana. Mita 500, Malam. Wanda ke bin hanyoyinmu ya san abin da wannan tazarar take nufi.

Bari in faɗa maka abin da ya same ni. Da sanyin bara na je Funtua sayen kayan aiki, gwangwanayen fenti da sanfefa, muka makara wajen cika mota. Mun wuce Tsafe magariba ta yi. Can sai ga wata farar Hilux ta gitta rabin hanya, ba lamba gaba, ba rubutu a ƙofa, gilashi baƙi wuluk, mutum uku tsaye da bindigogi, ɗaya na haska tocila. Direbanmu ya ɗaga ƙafa daga totur ya ce, "Jama'a, in tsaya ko in juya?" Ba wanda ya amsa masa. Wata baiwar Allah a bayana ta danne bakin jaririnta da hannu tana salati. Ni da sana'ata ke nan, ni da zan iya gaya maka mota ta sha fenti sau nawa da shafa hannu kawai, na ƙura ido na rasa alama ko ɗaya da zan ce wa direba ga su wane ne. Ya tsaya don dole. Suka haska fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, suka ce mu wuce. Har yau ban san ko su waye ba. Mai yiwuwa masu tsaron lafiyarmu ne, Allah ya saka musu. Amma da direban ya tsorata ya juya a guje fa? Da an buɗe mana wuta, gobe a ce mota ta ƙi tsayawa. Da kuma ba su ba ne, da yanzu iyalina na yawon neman kuɗin fansa.

Wannan shi ne labarin fenti a Zamfara, shi kuma kuka tsallake kuka tafi Dubai.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu balle a ce sai Turawa sun koya mana. Dogarin sarki tun kaka da kakanni da ja da kore aka san shi, ko yaro ya hango shi daga bakin kasuwa ya san saƙon fada ne. Ɗanfo, bas ɗin haya ta Legas, ruwan ɗorawa ce da baƙin layi, tasi a Abuja kore ce. In har motar haya tana da launin da ba a wasa da shi, ina ga motar da ke ɗauke da bindiga? 'Yan sandan ƙasar nan suna da launinsu, shuɗi da ɗorawa da kore, kowa ya san shi. Abin da nake so in karanta a jaridarku shi ne kira a kan duk motar da za ta tare hanya, ko ta wace runduna ce, ta zama da launinta cikakke, da babbar lamba a ƙofa da baya da kan rufi, da sitika mai walƙiya in fitila ta haska ta. A kuma riƙa sabuntawa, don ranar nan tamu da ƙurar hunturu ba sa barin fenti. Shuɗi mai arha shekara biyu ya koɗe ya koma toka-toka, sitika ta ɓare ta bar tabo. Kuɗin sake feshin mota guda bai kai na tayoyinta huɗu ba.

Akwai kuma ɗaya gefen da mu masu gareji muka sani. Sau uku ana kawo mini mota a ce in ja mata layin nan mai launi uku, in na nemi takarda sai a fara kame-kame. Na ƙi, suka tafi, kuma na tabbata wani ya yi musu. Jiniya da fitila mai juyawa kuwa, mai kuɗi a hannu ba ya rasa su. Ku aiko wakilinku ya zauna da mu yini ɗaya ya ji.

Sai abu na ƙarshe. Don Allah ku gyara na'urarku ta riƙa fitar da haruffa masu ƙugiya. A rubutun nan kaɗai sau biyar kuka buga "baki da fari" a maimakon baƙi da fari. Ɗana na aji huɗu da jaridarku yake koyon karatu, kuma sai da ya tambaye ni bakin wa ake nufi.

Na gode in kun buga wannan ba tare da kun datse ta ba.

Mai fentin mota,
Gusau, Jihar Zamfara