Ga Ɗana Mai Tambaya a Kan Wutar Nijar da Jirgin Maraɗi

Assalamu alaikum ɗana, da fatan kana lafiya, da iyali.

Ranar da aka gayyace ni gidan rediyo, kai ne na ƙarshe da ya bugo waya, kuma lokaci ya cinye amsarka. Ka ce: Baba, gida bai ƙoshi ba yaya za a kai wa dawa? Muna kwana cikin duhu a Birnin Kebbi, turakun wuta na bi ta kanmu suna haska Yamai, ga kuma titin jirgi ana ja har Maraɗi da kuɗin bashi. Mai gabatarwa ya ce in amsa cikin minti ɗaya, na ƙi, domin tambayar ta fi ƙarfin minti ɗaya. Ga ta nan a rubuce.

Ba zan ce maka babu abin haushi ba. Na yi shekaru ina aikin lantarki kafin in aje, kuma ni ma da fitilar waya nake laluben buta da asuba. Sai dai ka fara duban ruwa tukuna. Kogin Kwara daga Gini yake tasowa, ya ratsa Mali, ya bi ta tsakiyar Yamai, sannan ya faɗo mana ta jihar Kebbi. Madatsar Kainji da aka gama a 1968, da ta Jebba a ƙasanta, ruwan nan suke sha. Wato mu ne a ƙarshen layi, kuma wanda ke saman kogi shi ke da wuƙa da nama. Jami'an Najeriya sun sha faɗa a fili cewa sayar wa Nijar wuta yana daga cikin abin da ke sa ta bar ruwan ya gangaro. Kuma sayarwa ake yi, ba sadaka ba, ko da yake biyan yakan yi nawa. Abin da ake ba ta bai kai megawat 200 ba, cikin wajen 4,000 zuwa 5,000 da muke samarwa. Duhunmu daga ƙarancin iskar gas yake, da layukan da suka tsufa, da taransifomar unguwa da ke ƙonewa a yi wata ana karo-karo.

Ai an ma gwada abin da kake so. Bayan sojoji sun kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar da ita ce wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ke amfani da shi a lokacin. Wata bakwai aka yi a haka. Ka tambayi kanka, a watannin nan wutar gidanku ta ƙaru? Ni dai tawa ba ta ƙaru ba.

Abin da na gani shi ne wannan. 'Yar ƙanwata tana aure a Yamai, sana'arta ƙanƙara da zoɓo da lamurje. Firiza biyu gare ta, da su take biyan kuɗin makarantar yara uku. Ta kira ni tana cewa, Kawu, me muka yi muku? Ta zubar da zoɓo har ta gaji, daga baya ta sayar da firiza ɗaya da rabin kuɗinta. A ɓangarenmu kuma na je Illela, bakin iyaka, na tarar da motoci jere, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shayi, kayan gwari na zubar da ruwa ta ƙasan bodi, wari tun daga nesa. 'Yan dako zaune, masu abinci zaune. Janar ɗin da ya karɓi mulki, wanda aka yi don a matsa masa, ina da yaƙinin bai kwana ko ɗaya cikin zafi ba. A ƙarshe ECOWAS ta janye takunkumin a Fabrairun 2024, Bazoum bai koma mulki ba, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar gaba ɗaya a Janairun 2025. An yi ba a yi ba.

Abin da ya fi damuna, wanda aka taɓa kashe wa wuta ba ya mantawa. Nijar ta daɗe tana aikin madatsar Kandaji a kan kogin Kwara, a yankin Tilaberi, mai megawat 130, aikin na tafiyar hawainiya. Yanzu mun ba ta hujjar da ba ta da ita a da. Akwai hukumar kogin mai ƙasashe tara, hedikwatarta a Yamai, can ne ya kamata a zauna a yi maganar yawan ruwan da za a riƙa saki da rani. Da wace fuska za mu je?

Kada ka ɗauka na wanke mutanen Yamai. Su ma sun hana fitar da hatsi a ƙarshen 2024, sun kuma hana fitar da dabbobi gab da babbar sallar 2025, makiyayinsu ya rasa kasuwar Maigatari da ta Mai'aduwa, mai layyarmu ya sha tsada. Mu ma daga 2019 zuwa 2020 mun garƙame boda fiye da shekara saboda shinkafa. Kowace gwamnati in ta ji zafi iyaka take rufewa, iyaka mai tsawon kilomita kusan 1,500 da ta shafi jihohinmu bakwai, daga Kebbi har Borno. Kaya ba sa daina wucewa. Babbar mota ce ke tsayawa, babur ya bi ta daji, kuɗin da zai shiga aljihun hukuma ya shiga na mai shinge, mudun gero ya tashi a Maraɗi da Katsina lokaci guda.

Batun jirgi ba zan daɗe a kai ba. Layin kilomita 284 ne, kuma mafi yawansa a ƙasarmu yake: Kano, Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya. Ɗan abin da ya tsallaka shi ne zai sa kayan Nijar, da suka saba bi ta Kwatano da Lome, su yi sha'awar tashar Legas. Ko za su zo ɗin, wannan ya danganta da yadda muka gyara halinmu a tasha da kan hanya, don ɗan kasuwa ba ya bin hanya saboda zumunci. Ka tambayi nawa aka ciwo bashi, da yadda za a biya, da ranar gamawa. Waɗannan haƙƙinka ne, ni ma ina tambaya.

Ka ce kai tela ne, kuma fetur ɗin janareta na cinye ribarka. In ka samu sarari wata Lahadi ka zo mu je kasuwar Illela. Zan nuna maka masu sayen shadda da ɗinkakkun kaya da suka tsallako daga Ƙonni da sefa a aljihu. Ka taho da samfurin ɗinkinka kala biyu ko uku.

Naka,
Baban da ka tambaya a rediyo