Wasiƙa daga Maraɗi: Batun Haƙorin Nan Naka

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya sanyin Agadas? Mu nan lafiya lau, sai ƙura da ta rufe gari.

Saƙonka ya iso, wai in ba direba amoksisilin, kafson nan na kashe ƙwayoyin cuta, kwali biyu ya kawo maka. Ka yi haƙuri, ba zan aiko ba, kuma ba rowa ba ce. Kai da bakinka ka ce da can kafso huɗu ke kwantar da kumburin, yanzu ka shanye kati guda turmin haƙorin yana nan yana zugi. Wannan maganar ce ta tayar mini da hankali.

Idan kogo ya ci haƙori har jijiyar ta mutu, jini ya daina shiga ciki, magani kuwa jini yake bi. Mugunya na tare a gindin haƙorin, kafso sai dai ya taɓa na gefe. Raunanan ƙwayoyin cuta su mutu, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Wasunsu, irin waɗanda ake kira Prevotella, har wani sinadari suke fitarwa mai farfasa amoksisilin tun bai yi aiki ba. Duk sanda ka sha na kwana biyu ka bari don zafi ya lafa, gona ka share musu.

A ɗakin shan maganin da nake aiki kullum sai na ga irinka. Mutum ya zo kunci kamar an cusa goriba, ka tambaye shi, ya ce ya sayi Flagyl da kafso na dala ashirin wajen mai talla a bakin tasha. Maganin ya wuni a tire cikin rana, mai sayarwa ko karanta kwalin bai iya ba. Fleming, masanin da ya gano maganin penisilin a 1928, tun 1945 ya yi kashedi kan shan irin wannan magani ƙasa da ƙima. Binciken da aka yi kan shekarar 2019 ya nuna mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna.

Don Allah ka je wajen likitan haƙori, a fitar da mugunyar, a wanke saiwar ko a cire shi. Na san ka da tsoron allura tun muna lakwal, amma ka daure. Kafin nan ka riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ka sha parasitamol. In kumburi ya gangaro ƙasan haɓa, ko zazzaɓi ya zo, ko haɗiyar yawu ta gagara, kada ka jira gari ya waye, yana iya toshe numfashi.

Direban zai zo maka da ƙuli-ƙuli, amma na yara ne, kai sai ka warke. Ka gaida uwargida. Inna tana gaishe ka.

Naka,
amininka na Maraɗi