Kwal ɗin Maiganga ba shi ne zai tada Ajaokuta ba

Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili in tanka wata magana da ke yawo a majalisu da Facebook nan Gombe, wai tunda Allah ya ba mu kwal a Maiganga ta ƙaramar hukumar Akko, me ya hana a riƙa lodinsa zuwa Ajaokuta ta jihar Kogi a kunna kamfanin ƙarfen da aka fara ginawa tun 1979. Niyyar mai kyau ce amma masu faɗa sun ɗauka aikin kwal a tanderun ƙarfe hura wuta ne kawai. Ba haka ba ne.

Zallan ƙarfe sai zafi ya kai digiri 1538 yake narkewa. Amma in ya sha sinadarin kabon, wato asalin abin da ke cikin gawayi da kwal, ya kai wajen kashi 4 cikin ɗari, to a wajen digiri 1150 ma zai zama ruwa. Shi ya sa maƙeran da, masu fitar da tama da gawayi da zuga-zugi, dunƙule suke samu su yi ta duka, ba ruwan ƙarfe ba. A babban tanderu irin na Ajaokuta kuwa ƙarfen yana ɗiga ne ta tsakanin gasasshen kwal da ake kira kok, yana gangarowa yana cin kabon ɗin jikinsa har ya ƙoshi kafin ya taru a ƙasa.

To nan ne wajen da abin yake. Kafin ƙarfe ya ci kabon sai ya kwanta a jikin kok ɗin ya jiƙa shi sosai, in bai kwanta ba sai ya dunƙule ya gangare kamar ruwa a ganyen gwaza, ya wuce bai ɗau komai ba. Abin da ke jawo haka toka ce. Da ƙarfe ya cinye kabon na sama sai tokar da ke cikin kok ta rage a wurin ta yi shamaki tsakaninsu, ga farar wuta ita ma in ta yi yawa tana rage saurin cin kuma tana ɓata ƙarfen ya zama mai saurin tsagewa. Sannan ƙarfen da ya sauko bai ƙoshi ba baya haƙura fa, gindin tanderun da tubalin kabon ake shimfiɗa shi, sai ya koma yana cin tubalin a hankali, kuma gyaran wannan wuri sai an kashe tanderu gaba ɗaya, asarar ba a magana.

Kok kuma ba kowane kwal ke bada shi ba. Ana gasa kwal ne ba tare da iska ba a zafin da ya kai digiri 1000, mai kyau zai yi laushi ya kumbura ya sake daskarewa da tauri yadda zai ɗau nauyin tama a kansa iska na ratsawa. Namu na Maiganga ɗanye ne, ga danshi, in an gasa shi baya haɗe jikinsa. A kamfanin siminti na Ashaka yana aikinsa lafiya lau don siminti zafi yake nema. Ko na Lafia-Obi a Nasarawa da ake ce yana kok, toka da farar wuta sun masa yawa sai an wanke an gauraya da wani.

Ni roƙona ga 'yan majalisarmu da masu rubutu a jaridarku, kafin a yi wa matasa alƙawarin tireloli za su fara jigilar kwal zuwa Kogi, a tambayi malaman kimiyya na jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi ko jami'ar jihar Gombe, su faɗi yawan toka da farar wutar da ke cikinsa, a buga a nan kowa ya gani.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Gombe