Kama da wane ba ta wane: wasiƙa ga Abba a kan tsofaffin hotunan katako na Japan

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya sanyin Japan, ya karatu? Mu nan kowa lafiya, alhamdu lillahi. Hoton da ka turo ranar Juma'a ya iso, saƙon muryarka kuma na saurare shi har sau biyu. Mahaifiyarka ta leƙo ta gani, ta ce ita ba ta ga abin da zai sa mai hankali ya kwashi kuɗin abincin wata biyu ya sayi tsohuwar takarda mai hoton ruwa ba. Ban biye mata ba, amma kuma ban ce ka saya ba. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ka ce mai rumfar ya rantse maka cewa igiyar ruwan Kanagawa ce, wato sanannen hoton nan na Hokusai, shahararren mai zanen Japan, tsohuwa, kuma zai sallama maka da sauƙi don ya ga kai ɗalibi ne. To saurara. A watan Maris na 2023 an yi gwanjon guda ɗaya ta asali a gidan gwanjo na Christie's da ke New York, ta tashi a kan dala miliyan 2.76. Masu bincike a gidan tarihi na Birtaniya sun bi diddigin waɗanda suka rage a duniya na bugun asali, 100 da 'yan kai suka samu. Mai irin wannan kaya ba ya zaman jiran ɗalibi. In Hokusai kawai kake so, ciro sabuwar takardar yen 1,000 da aka fitar a 2024 ka juya bayanta, igiyar ruwan tana nan.

Ba dariya nake maka ba, domin ni ma an yi mini. Lokacin da aka tura mu kwas ɗin injin ɗab'i, kafin a haife ka, wani dillali ya sayar mini da hoton gada da ruwan sama cikin firam, takardar ta yi ja-ja-ja kamar an tsoma ta a shayi. Na riƙo shi a hannu tun daga can har gida, ko a akwati ban yarda na sa ba. Sai wata rana a wurin aiki na cire gilashin, na ɗora ɗan madubin nan da muke duba bugu da shi. Me zan gani? Ɗigo-ɗigo, ja da shuɗi da rawaya da baƙi, a jere reras, irin wanda nake fitarwa kullum da injina. Ni da nake cin abinci da ɗigon nan, da shi aka cuce ni. Ban gaya wa kowa ba sai yau. Amma haushin abin ne ya sa na shiga karanta tarihinsu, shekara da shekaru, har na san ɗan abin da zan gaya maka.

Ka fara cire wa ranka cewa Hokusai ya taɓa taɓa takardar da ake bugawa da sunansa. Hannu 4 ne ke cikin kowane hoto. Akwai mai jari, wanda shi ke zaɓen abin da za a zana, ya biya kowa, ya sayar. Akwai mai zane, shi ne sunan da kake gani. Akwai masassaƙi, wanda zai liƙa zanen a kife a kan allon itacen ceri, ya bi layi da wuƙa ya rarake duk abin da ba layi ba, wato zanen asali ma a nan yake hallaka. Sannan mai bugu. Kowane launi da allonsa, hoto ɗaya sai ya ci bugu 10 ko fiye. Mai bugu zai shafa launi da ɗan ƙullun shinkafa a kan allo, ya aza takarda mai laima, ya saita ta da wasu 'yan tsagogi 2 da aka yi a gefen allon, su suke kira kento, sannan ya murza bayanta da baren, wani ɗan faifai da aka naɗe da ɓawon gora. Ba inji, ƙarfin kafaɗa ne kawai. Ni da na yi shekara 30 ina faɗa da yara a kan launi ya goce daga layi, in na ga silin gashin mace a hoton mai zane Utamaro, kowane ɗaya a tsaye, masassaƙin nake jinjina wa, wanda galibi ko sunansa ba a rubuta ba.

Kuma kayan talakawa ne a zamaninsu. A birnin Edo, wato Tokyo ta yau, kuɗin hoto ɗaya bai fi na kwanon taliya ɗaya ko biyu ba. A 1842 hukuma ma ta ƙayyade cewa kada ya wuce mon 16, mon kuwa shi ne ƙaramin kuɗinsu na lokacin. Ana saye a liƙa a bango kamar yadda muke yi da kalanda, in ya tsufa a yar. Shi ya sa wanda ya tsira da kyansa yake tsada.

Ga inda nake so ka tsaya da kyau. Tunda allo ne, ana iya bugawa yau, a buga baɗi, a buga bayan shekara 20. Bugun farko, kamar guda 200, shi ake yi da natsuwa a kan takarda mai kyau. In hoto ya karɓu sai a yi ta ƙarawa, allo yana cinyewa, siraran layuka suna kumbura suna tsinkewa, mai jari yana rage launuka don ya rage kashe kuɗi. Ɗauki jerin hotunan mai zane Hiroshige na zango-zango 53 da ke kan hanyar Tokaido, wanda ya fito a 1833 zuwa 1834. Akwai na zangon Shono, inda ruwa ya tsuge wa matafiya a kan gangare. A bugun farko, lemar mutumin da ke gangarowa tana ɗauke da rubutu, har da sunan mai jarin, Takenouchi. A bugun baya rubutun babu. Hoto ɗaya, suna ɗaya, amma masu abin suna kallon lemar nan kafin su yi maganar kuɗi. To ka ga sunan mai zane shi ne abu mafi araha a jikin takardar, kowa na iya sassaƙa shi.

Saboda haka abin da za ka tarar a kasuwa iri 3 ne. Na farko wanda aka buga da allunan asali. Na biyu wanda aka sake sassaƙa sababbin alluna daga baya aka buga da hannu, kuma wannan ba laifi ba ne in an faɗa maka gaskiya. Gidan Adachi a Tokyo tun 1928 suke wannan aiki da sunansu a fili, kuma aikinsu abin sha'awa ne. Na uku na inji, irin nawa. Ina kyautata zaton na rumfar nan na biyu ne da ya kwana biyu. Kama da wane ba ta wane.

In ka ɗauki hoto, juya bayansa tukuna. Launin bugun hannu yana ratsa takardar ya leƙo ta baya, za ka kuma ga sawun murzar baren kamar an yi shara da tsintsiya a kewaye. Ɗaga shi sama wajen haske, za ka ga zaren takardar, wadda ake yi da ɓawon itacen kozo, kuma a nan ramin ƙwaro da aka toshe da faci suke tona kansu. In an liƙa masa wata takarda a baya, tambayi abin da ake ɓoyewa. Ka riƙa yawo da abin awo: girman da aka fi bugawa, oban, kusan santimita 39 ne da 26, in ya gaza sosai an datse gefe. Hoton da ke cikin firam kuwa, in an ƙi cire maka shi, ka yi sallama. Ba a cinikin biri a sama.

Sai ka koyi hatimai. Daga wajen 1790 sai hukuma ta duba zane kafin a buga, a sa masa ɗan hatimi mai da'ira da ake karantawa kiwame. Bayan 1842 sai hatiman jami'an unguwa da sunayensu, daga 1852 aka ƙara na shekara da alamar dabba, abin ya tsaya a wajen 1875. Wanda ya iya karanta su zai gaya maka lokacin da aka amince da zanen, wani lokaci har wata. Amma masu sake sassaƙa har hatimin suke kwafa, don haka shaida ɗaya ce cikin shaidu. Launi ma yana magana. Cikakken bugu mai launuka da yawa ya fara ne a 1765 da Suzuki Harunobu. Shuɗin nan mai ƙarfi na ƙasar Jamus bai yawaita ba sai wajen 1830, shi Hokusai ya haɗa da shunin baba nasu na gida a jerin dutsen Fuji, wanda aka ce 36 ne amma kasuwa ta sa aka ƙara 10. Jan nan mai kashe ido na rinin Turawa kuwa daga shekarun 1860 ne. In ka ga hoton da aka ce na 1790 ne da irin wannan ja, ka ajiye.

Kada kuma ka ji kunya in an taɓa ka. Frank Lloyd Wright, mashahurin mai zanen gine-gine na Amurka, dillancin hotunan nan ya yi shekaru, attajirai suna ba shi kuɗi ya sayo musu, duk da haka a Tokyo aka cusa masa tarin hotunan da aka yi wa kwaskwarima.

To wa za ka saya? Ka bar Sharaku, wanda ya bayyana a 1794, ya yi wata 10 yana zana 'yan wasan kwaikwayon gargajiya na kabuki, ya bar hotuna kamar 140 ya ɓace. Wannan na gidajen tarihi ne. Ka bar Utamaro. Ka duba Kunisada, wanda a rayuwarsa ya fi su Hiroshige kasuwa, ya bar zane sama da 20,000. Saboda yawansu, har yau ɗalibi zai iya samun na asali mai launi garau da kuɗin da ba zai sa shi kwana da yunwa ba. Haka almajiran gidan zane na Utagawa da ba su yi suna ba, da jerin Hiroshige na baya-baya waɗanda Turawa ba su yi rububinsu ba. A ganina, Kunisada mai lafiya ya fi Hokusai da ya koɗe, gara ta ci, aka datse. Ni dai in da zan zaɓa, Hiroshige ne nawa. Hokusai gwani ne, ya san shi gwani ne, ya sauya suna sama da sau 30, ya kai kusan shekara 90 yana cewa bai iya ba tukuna. Hiroshige kuwa in ya zana ruwan sama sai ka ji kamar ka nemi rumfa. Ba banza shahararren mai zanen nan ɗan Holland, Van Gogh, ya zauna a 1887 ya kwafi hotunansa 2 da fenti ba.

Kafin ka sake fitar da ko yen ɗaya, ina so ka yi wata 6 kana kallo. Kana da abin da ni ban samu ba. Gidan tarihin Ota yana Harajuku, na Hokusai da aka buɗe a 2016 yana Sumida, unguwar da aka haife shi. Ranar da ba ka da aji ka shiga Jimbocho, unguwar masu tsofaffin littattafai, ka zaɓi dattijon mai shago guda, ka riƙa gaishe shi, ka sayi ɗan ƙarami, ka yi tambaya. Ka ce ya rubuta maka a rasit mai zane, mai jari, shekara, da ko bugun asali ne. Wanda ya yi ta hanya-hanya a kan rubutawa ya riga ya ba ka amsa.

Ajiya kuma ita ce rabin aikin. Jan da suke samu daga fure da wani shuɗin fure mai rauni, haske kaɗan ke cinye su, shi ya sa za ka ga tsofaffin hotuna rigar da ta kasance shunayya ta koma ruwan ƙasa. 'Yan'uwan nan Spaulding da suka ba gidan tarihin Boston hotuna sama da 6,000 a 1921, sharaɗinsu shi ne kada a taɓa rataye su a baje koli, sai dai mai nazari ya zo a buɗe masa. Yau launinsu na cikin mafi kyau a duniya. Kai ma ka sa naka a kwance, kowane a cikin takarda marar asid, cikin akwati. Ban da salatif, ban da gam, ban da leda mai zafi da ake manne satifiket. Kada ka ce za ka wanke tabo, garin neman gira a rasa ido. In ka tashi dawowa da su sai mu sake magana, domin laimar Agusta da ƙurar hunturu da gara duk suna jiransu a nan. Na bango kuwa, sayi na Adachi ka rataya, in ya koɗe ba a yi asarar tarihi ba.

Akwai maganar da mahaifiyarka ta ce lallai in faɗa. Cikin kayan nan akwai na batsa, shunga suke ce musu, kuma manyan masu zanen ma sun yi su. Ka san gidan da ka fito. Sannan ka san maganar malamai a kan hoton mai rai. Ni abin da ya fi kwanta mini shi ne na duwatsu da gadoji da teku da furanni, kuma a nan ma gwanintar ta fi fitowa. Sauran ka tambayi malaminka.

Kuɗi kuma, kada ka kira wannan jari. Dillali yana saye da rahusa ya sayar da tsada, ranar da ka matsu ka kai masa za ka gane. Abin da ya rage bayan haya da abinci da ɗan abin da kake turo wa ƙannenka, shi ne na hoto. Bashi kuwa ko na yen 100 ban yarda ba.

Ka koma wurin mai rumfar ka ce ya cire ta daga ledar. Ka ɗauko mini hoton bayanta, da na akwatin rubutun da ke sama ta hagu, kusa-kusa yadda zan ga layin. In ya ce sabon sassaƙa ce kuma ya faɗi kuɗinta na gaskiya, kana so, ka saya. Ɗan madubina na wurin aiki yana nan a durowa, zan ba duk wanda zai zo wajenku ya kawo maka.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi. Ƙannenka ma suna gaisuwa. Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar jarrabawa.

Ni ne mahaifinka.