A daina aiken yaro tsakanin uwa da uba

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da iyayen da aure ya mutu tsakaninsu amma akwai ɗiya. Ni malamin makaranta ne a nan Katsina, kuma abin da zan faɗa kusan duk malami ya san shi, ana dai yin shiru ne don kar a ce mun shiga harkar gidan mutane.

A wurinmu in an rabu to an rabu ke nan har gaisuwa. Ita ta koma gidansu ko ta yi wani auren, shi ma amarya ta tare, kuma kowane ɓangare akwai mai sa ido, mijinta ba ya son ganin lambar tsohon miji a wayarta, matar gida kuma in ta ji an ce uwar su Abba ce ta kira ranar ba zaman lafiya. Sai a ɗora ma yaro aike. Je ka ce ma ubanka kuɗin makaranta. Koma ka ce mata ba ni da shi. Yaro shi kaɗai ya san abin da aka faɗa a Ƙofar Ƙaura da abin da aka faɗa a Sabuwar Unguwa, kuma da wuri yake gane cewa ba mai bin sawun maganarshi.

Akwai wani yaro a ajina da ya amshi kuɗin littafi wurin baban, ya je ya amsa wurin maman, a kowane gida ya ce ɗayan ya hana, littafin ma bai saya ba. Da muka kira su ofis, kowa ya zo a fusace da niyyar wanke ɗan'uwanshi, sai ga shi duk sun biya. Yaron na tsaye yana wasa da maɓallin riga. Yara mata kuma nasu salon daban ne, yarinya za ta ce ma Umma ai Abba ya yarda ta riƙe waya, ta ce ma Abba Umma ce ta ce a saya, in aka yi mata faɗa nan sai ta zuba kaya a leda ta tafi can ta ce matar Baba ta hana ta abinci.

Ni ban ɗauki wannan a matsayin mugunta ba. Yaro ya lura ne duk ranar da ya kawo labarin laifin wancan gidan ranar ake jawo shi jiki, a ƙara mashi nama, a ce ai dama na sani. Wa zai ƙi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kuma addini bai ce a yi gaba ba. A Risala da muka karanta a zaure, riƙon yaro bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ciyarwa kuma na kan uba, to ta yaya wannan zai yiwu ba magana? A Suratul Ɗalaƙ aya ta 6, inda ake zancen matan da aka saki da shayarwa, cewa aka yi ku yi shawara tsakaninku da alheri, a Baƙara aya ta 233 kuma aka hana cutar da uwa ko uba ta hanyar ɗansu. Alƙali zai iya yanke wa zai riƙe da nawa za a rinƙa bayarwa, amma ba zai bi ku gida ya ce wa zai sayi takalmi ba.

Ba hira nake cewa a koma yi ba. Saƙo ɗaya a WhatsApp ya isa, na tura kuɗin makaranta ga rasit, kuma a tura asusun makarantar kai tsaye, a ba mu lambar uwa da ta uba duka. In kishi ba zai bari ba a samu babba, kawu ko goggo ko kaka, wanda kowa ya yarda da shi, ya zama shi ne mai kai magana, mijinta da matarshi su sani tun farko. Inda yaro zai yi sallah a gama shi tun cikin azumi ba ranar jajibere ba. Kuma duk sanda ya ce Abba ya ce, a amsa mashi da to bari in ji daga bakinshi, ko da kuwa abin da ya kawo ya yi ma mai ji daɗi, can ne ma aka fi bukatar tambayar.

Ina roƙon 'yan Hisbah da masu unguwanni da limamai da ke zaman sulhu, in aure ya ƙi gyaruwa kar a tashi sai an tsayar da wanda zai rinƙa kai saƙo a kan yara, a rubuta sunanshi da lambarshi kowa ya tafi da kwafi.

Wani malamin makaranta, Katsina