Takardar Koke Kan Kashe Agwagin Tafkin Nguru Da Guba

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Nguru,
ta hannun Hakiminmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nasara.

Mu talakawan Mai Martaba, masunta da manoman fadama na ƙauyukan bakin Tafkin Nguru da mashigar Marma, mun gurfana cikin ladabi da biyayya domin kawo kukanmu, kuma da abin bai kai mana iya wuya ba da ba mu dami Sarki ba.

Ranka ya daɗe, a makon jiya masuntanmu da suka yi sammakon duba kalli, wato ragar kamun kifi, sun tarar da agwagi matattu birjik a tsakanin ganyen bado, wasu ma suna ta shure-shure. Da aka duba gefen ruwan sai ga shanshera da aka jiƙa da maganin ƙwari an watsa. Waɗanda suka yi wannan aika-aika sun riga sun kwashe abin da suka iya tun da duhu, kuma kowa ya san figewa za su yi, su banda, su kai kasuwa. Mushe ne, mushen ma mai guba, za a sayar wa Musulmi. Ruwan nan kuwa shi shanu ke sha, a cikinsa yaranmu ke wanka, kifinsa muke ci.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne a cikin matattun har da agwagwar nan mai nutso da farin ido. Namijinta ja ne mai duhu kamar jan goro, ƙwayar idonsa fara tas, ƙarƙashin wutsiyarsa fari, idan ya tashi sama kuma a ga farin layi ya ratsa fiffikensa. Macen ba ta kai shi haske ba, idonta ma baƙi-baƙi ne. Baƙuwa ce da ke yin ƙwai a gabashin Turai da Asiya, ta tsallako Sahara ta iso mana idan hunturu ya kama, ta koma kafin zafin bazara. Tsuntsuwa ce mai tsoron mutane, ta fi son ruwa marar zurfi mai ciyayi, inda take nutsawa ta tsinto 'ya'yan ciyawa da dodon koɗi da ƙwarin ruwa, galibi da magariba ko da asuba. Wannan nutson ne ke jefa ta cikin kalli mai ƙananan idanu da wasu ke shimfiɗawa da gangan a makwancinta. Masana sun daɗe da sanya ta cikin tsuntsayen da yawansu ke raguwa a duniya, kuma saboda irin waɗannan baƙi ne tafkin nan ya shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayi masu muhimmanci a duniya, a shekarar 2000, na farko a Nijeriya.

Idan an ce ɓarnar gona ake gudu, to mu ne manoman, kuma mun san mai cinye mana shinkafa: jan-baki ne da ke kwana cikin kachalla. Kachallar ma ta riga ta toshe hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yadda ambaliya ke zuwa, ta rage wa agwagin wurin sauka.

Mun sha faɗa wa masu unguwanni, an yi zama, an yi gargaɗi, an yi alkawari, amma da sanyi ya dawo sai a koma gidan jiya.

Saboda haka muke roƙon Mai Martaba ya sa a binciko masu watsa gubar nan a miƙa su ga hukuma. Muna roƙon a umarci dagatai su yi shela, limamai su faɗakar ranar Juma'a, sarakunan kasuwa kuma su hana sayar da bandar tsuntsun da ba a san wanda ya yanka ba. A ba sarkin ruwa ikon ƙwace kallin da aka kafa don tsuntsaye, sannan Sarki ya sa baki a taimaka mana da yankan kachalla. Maganar masu gubar dai, Ranka ya daɗe, ita ce ba za ta jira wani makon ba.

Allah ya taimaki Sarki.

Masu biyayya,
Masunta da manoman bakin Tafkin Nguru da Marma.