Kada a kwashe tsofaffin littattafan koyar da limaman Katolika

Zuwa ga Edita,

Ranka ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wasu littattafai da ƙura ta rufe a ɗakunan karatun seminari, wato makarantun horar da limaman Katolika. Na koyar a irin wannan makaranta har na yi ritaya, kuma kwanan nan na sake jin ana shawarar a kwashe tsofaffin littattafan tauhidi na Latin a samu wurin jera sababbi, wai ba mai taɓa su. Ban yarda ba, ga kuma dalilina.

Majalisar Trent ce, wato babban taron shugabannin Ikilisiyar Katolika, wadda ta zauna daga 1545 zuwa 1563, ta umarci bishop-bishop su buɗe seminari. Kafin nan, manyan littattafai irin na Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, a jami'o'i ake karanta su, kuma sun fi ƙarfin saurayin da za a naɗa fada, wato limamin Katolika, cikin 'yan shekaru a tura shi ya riƙe coci. Shi ya sa malamai suka shiga taƙaitawa. Bayan Fafaroma Liyo na 13 ya ba da umarnin a koma kan koyarwar Akwinas a 1879, irin waɗannan taƙaitattun littattafai suka mamaye ko'ina. Ɗalibi a Roma da ɗalibi a Amurka darasi ɗaya suke haddacewa, cikin harshe ɗaya. Na Tanquerey, Bafaranshen da ya koyar a Baltimore, ya yi suna ƙwarai. Akwai kuma kundin Denzinger, da aka fara bugawa a Jamus a 1854, wanda ya tattara hukunce-hukuncen majalisu da na fafaroma, kowanne da lambarsa.

Buɗe ɗaya ka gani. Takarda siririya, rubutu ƙanana kamar tururuwa, gefen shafi cike da fensir ɗin ɗaliban da suka riga mu gidan gaskiya. Kowane darasi yana farawa da jimla guda da ake son tabbatarwa. Sai a yi bayanin kalmominta ɗaya bayan ɗaya, don kada a yi gardama a kan abin da ba a fahimta ba. Sai sunayen waɗanda suka ƙi maganar. Sai hujja daga Littafi Mai Tsarki, da malaman farko na Ikilisiya, da hankali. Daga ƙarshe a kawo sukar mai musu a ba ta amsa.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani ɗan layi ne da ke kusa da jimlar farko, inda marubucin ke faɗin matsayin maganar. Wata maganar aƙida ce da Ikilisiya ta yanke, wanda ya musanta ta ya bar bangaskiya. Wata tabbatacciya ce amma ba a yanke ta ba. Wata ra'ayin mafi yawan malamai ce, wata kuwa mai yiwuwa ce kawai, kana iya ɗauka ko ka bari. Ɗalibin da ya shekara yana ganin wannan layi a kowane shafi, kunnensa na sabawa. In ya hau mumbari ya san inda zai ce "Ikilisiya ta koyar", ya san inda zai ce "a ganina". Yau kuwa sai ka ji matashin fada yana zuba ra'ayinsa a wa'azi da murya ɗaya da wadda yake karanta aƙida, jama'a kuma ba su da yadda za su bambance.

Ɗauki maganar jariran da suka mutu ba a yi musu baftisma ba. Na sha zama da iyayen da wani mai wa'azi ya yanke musu cewa ɗansu yana Limbo, wato wani wuri da ba aljanna ba ne kuma ba na azaba ba, ba zai ga Allah ba har abada. Littattafan nan sun tsananta a kan wajibcin baftisma, ba shakka, amma shi Limbo kansa a matsayin ra'ayin malamai suka kawo shi, bai taɓa shiga sahun aƙidar da aka yanke ba. Katikism na 1992, wato littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, bai ma ambace shi ba, ya danƙa jariran ga jinƙan Allah, kuma a 2007 kwamitin malaman tauhidi na Batikan ya ce akwai dalilin sa zuciya ga cetonsu. Wasu suka yi ta ihu wai an canza addini. Da sun karanta ɗan layin nan, da ba su yi ihun ba.

Ban ce littattafan ba su da laifi ba. Ayoyi sukan tsinko su guntu-guntu su jera a matsayin hujja, har ɗalibi ya gama makaranta bai karanta wasiƙar Bulus guda daga farko zuwa ƙarshe ba. Luther da Calvin, jagororin Furotesta, layi biyu ake ba su, a kayar da su, a wuce. Sauran addinai ma haka, duk da cewa Akwinas kansa ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd ya yi muhawara da su da natsuwa. Littattafan ɗabi'a kuwa, irin na Alfonsus Liguori da ya fara fitowa a 1748, don mai sauraron ikirarin zunubi aka rubuta su, saboda haka awon zunubi ya cinye su. Lokacin da azumin da ake yi kafin karɓar Jibin Ubangiji ke farawa daga tsakar dare, sai ka ga ana tattauna hukuncin wanda ya kurkure baki ɗigon ruwa ya wuce masa. A 1953 Fafaroma Piyus na 12 ya ce ruwa ba ya karya azumin, wannan shafi ya zama labari.

Don haka Majalisar Batikan ta Biyu ta yi daidai da ta ce, a ranar 28 ga Oktoba 1965, Littafi Mai Tsarki ya zama ruhin karatun tauhidi. A rana guda ta fitar da takardar da ta ce Ikilisiya na kallon Musulmi da girmamawa. Kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Sai dai majalisar ba ta ce a daina bambance aƙida da ra'ayi ba. Mu ne muka saki wannan cikin gaggawa.

Roƙona ga shugabannin seminari shi ne a bar littattafan a kan kanta, a kuma sa ɗalibi, ko sau ɗaya a zango, ya ɗauki darasi guda ya bi shi daga jimla zuwa amsar suka, sannan ya faɗi inda marubucin ya yi rauni. Wanda Latin ya gagara ba shi da uzuri: littafin Ludwig Ott na 1952 yana da fassarar Turanci tun 1955, kuma matsayin kowace magana na nan a rubuce kusa da ita.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon malamin seminari